Wane Ɗan Wane, Jikan Wane

A tatsuniyar tsofaffin mata, sarki ba shi da suna. Sarki ne kurum. Yana da gari, yana da doki, yana da ɗiya kyakkyawa wadda ta ƙi kowane manemi, yana da mowa da bora, amma ba wanda ya taɓa jin sunan ubansa. Gizo ma ya fi shi gata, tun da shi kowa ya san matarsa Ƙoƙi ce. In wani mai kaifin baki a cikinmu ya katse ya ce, "Kaka, sarkin ina?" sai ta ce, "Sarkin wani gari na. In ba ku so in bari." Mu kuwa wa ke son ta bari? Sai mu haɗiye tambayar mu ƙara matsowa. Ɗakin na ƙamshin hayaƙin kara da man shanu, da ɗan warin daddawa daga ragaya, fitilar aci-balbal na ta faman kada ta mutu, sauron fadamar Gummi kuma bai bar kunnen kowa ya huta ba. Kafin a kai ƙurunƙus rabinmu sun yi barci, sarki ya tafi da rashin sunansa, sai kuma gobe.

Ƙofar gida kuwa, inda maza ke baje buzu bayan lisha, wata duniya ce. Can ba a shigo da sarki cikin labari da ka. Sai an tsaya an ja masa salsala tukuna: wane ɗan wane, jikan wane, wanda ya gaji wane, ƙanen wane da ya kwanta a yaƙin kaza. Tsoho kan cinye ɓarin goro bai gama gabatar da mutum guda ba. In kuma ya kuskura ya tsallake kaka ɗaya, akwai wani dattijo a gefe, wanda kowa ke zaton gyangyaɗi yake yi, zai ɗago kai ya ce, "A'a, ba haka na ba. Ka baro guda baya." Sai a koma a ɗauko wanda aka baro, a sa shi gurbinsa, sannan a ci gaba. Wani daren ma ba a cin gaban, gardamar asali ce ke cinye hirar har a watse. Mu yara muna can bakin zaure, inda hasken fitilar ƙwai bai kai ba, muna sauraro bisa sharaɗin kada a ji ko tarinmu.

Haka muka tashi, mu 'yan yammacin Zamfara, da sarakuna iri biyu, na tatsuniya da na tarihi, kuma dangar da ke tsakaninsu ba ta kai gwiwa ba, ko ɗan akuya ya ƙetare ta. Dubi dai yadda jerin sarakunan Zamfara ke farawa. Daga Dakka ake tasowa, a Dutsi, can ƙasar Zurmi. Sai Jatau, sai Jimir Dakka, sai Kokai-Kokai, sai Dudufani, sai kuma mace, Yargoje. Sunayen kaɗai sun ishi yaro abin wasa. Mukan yi ta maimaita Kokai-Kokai muna ƙyalƙyala dariya har sai wani babba ya sakar mana ranƙwashi, ya ce ba a wasa da sunan manya. An ce samudawa ne, ƙattin da ba a ƙara yin irinsu ba, kuma kaburburansu na nan a Dutsi, mai musu ya je ya gani. A unguwarmu ba wanda ya je, don daga Gummi zuwa Zurmi a wancan zamani tafiya ce ta mai guzuri. Wannan rashin zuwa ya yi wa kaburburan rana ƙwarai. Kawuna, mai fataucin ƙorai zuwa Bukkuyum da Anka, duk shekara sai ya ƙara musu tsawo. Bana in ya ce sun kai tsawon zaure, baɗi sai ka ji sun kai masallacin Juma'a, in an tuna masa sai ya ce ai bara na ƙaramin cikinsu ya faɗa.

'Yan mata kuwa Yargoje suka riƙe. Masu tarihi suna sa zamaninta a ƙarni na 14, har yau kuma ana maganar fitilarta. Mu dai abin da muka sani shi ne, in yarinya ta cika iko a dandali, ta ce ita za ta raba wa kowa wurin tsayawa a gaɗa, sai a ce mata Yargoje, ita kuma maimakon ta ji haushi sai ta ƙara gyara ɗaurin kallabi. Yayata ta sha wannan suna har ta tafi ɗakin miji da shi, mijin kuma, Allah ya jiƙansa, bai taɓa cewa an yi mata ƙage ba.

Daga samudawa labari kan gangaro Birnin Zamfara, a nan ne muryar tsofaffi ke ƙara kauri. Su faɗi ganuwa da ƙofofi, su faɗi yadda Zamfarawa suka taɓa cin Kanawa da yaƙi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18. Wannan wurin ba a yi masa gaggawa, a hankali ake tauna shi, balle in an yi sa'a akwai baƙo Bakano da ya zo sayen fata ko gyaɗa. Daga nan sai a iso inda ba a so. Gobirawa sun gangaro daga arewa, aka ba su masauki a gonar alƙali, wurin da ya zama Alƙalawa, har aure ya shiga tsakani. Sai ga Babari, Sarkin Gobir, ya juyo ya ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, zamanin Sarki Maroki. Abin ya kai shekara 200 da faruwa a lokacin da nake ba ku labari, amma in aka zo nan sai wani tsoho ya ja tsaki, wani ya tofar da tukar goro, ka rantse makon jiya aka yi. Sarauta ta shiga yawo, yau nan gobe can, Kiyawa da sauran wurare, kafin ta zo ta zauna a Anka. Cikin wannan yawo ne ake kawo Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara, wanda Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tsare, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya nemi a saki fursunoni ranar da suka haɗu a Magami wajajen 1788, aka sake shi. Tsofaffi na son wannan gaɓa, don ta haɗa sunan Zamfara da na Shehu a numfashi guda.

Baƙo kan rikice da sarautunmu. Birnin Zamfara kufai ne can wajen Isa, amma Sarkin Zamfara yana Anka, wani kuma yana Zurmi. Sarkin Mafara yana Gummi, alhali ga Talatar Mafara can da nata. Na Bukkuyum Sarkin Danko ne. In ka matsa gabas ka tarar da Sarkin Burmi a Bakura, Sarkin Kaya a Maradun, Sarkin Kiyawa a Ƙauran Namoda, Sarkin Katsina kuma a Gusau. Wani malaminmu na firamare, mutumin ƙasar Zazzau, ya taɓa ajiye alli ya ce shi ya gaji, ƙasar nan ba sarkin da ke zaune a garin da sunansa ya ce. Mu ko a jikinmu. Kowace sarauta da labarin da ke bayanta, na ƙaura ko na yaƙi ko na rabon gado, kuma mutanen da in sun tashi daga wuri sukan bar rijiya da kuka da kushewa, amma suna da shi suke tafiya. Har a fuska ake ɗauke da shi. Kafin mutum ya buɗe baki a kasuwa an karanta zubensa, an san Bazamfare ne ko Bagobiri ko Bakabe, an kuma san irin barkwancin da za a tare shi da shi. Yanzu wanzamai sun rataye wannan askar, ni kuma ban ce a sauko da ita ba, don na ji kukan jarirai da kunnena.

Mahaifiyata 'yar Anka ce, saboda haka wasu sallolin can muke yi. A motar katako ake zuwa, a saman buhuna, ka isa jawur, ƙura har cikin haƙora. Tun daren jajibere ake fara jin tambura daga fada, irin sautin da ba kunne kaɗai ke jinsa ba, har cikin ciki yake bugawa. Gari duk ƙamshin lalle da turaren wuta da albasa a cikin mai. Da safe a sa mana sababbin riguna masu ƙaiƙayin wuya, a ba kowa kwabo mai huji, mu zura a zare mu ɗaura a ƙugu don kada ya ɓace a turmutsitsi. Kwabo guda a lokacin ya isa ƙosan da za ka ci ka sam wa ƙanenka, mai taro attajiri ne a dandali, sisi kuwa sai ɗan gata.

Sai hawa. Dogarai da jajayen riguna na kora mu da bulalar da ba ta cika sauka ba, kakaki na tsaga sama, masu algaita kumatu sun kumbura, dawaki na warin zufa da sabuwar fata. Amma ni ba dawakin ke tsayar da ni ba, maroƙin da ke gaba ne. Wani siririn tsoho, ba ka ce yana da muryar da za ta ƙetare kasuwa ba. Ya toshe kunne guda da yatsa, ya ɗaga kai, ya fara daga sarkin da ke bisa doki ya yi ta hawa da shi, uba, kaka, kakan kaka, kowa da laƙabinsa da garin da ya ci da inda ya kwanta, ba takarda, ba tuntuɓe. In ya ambaci wani sai ka ji guɗa ta tashi daga wani gida, don jikokinsa ne a ciki. Sarki kuwa amawali rufe da baki, ko motsi ba ya yi, sai ka ce ba da shi ake ba. Mutum guda ne a kan dokin, amma kafin maroƙi ya sauke numfashi, gaba ɗaya gidansu ne ke tafe a sirdi ɗaya, na raye da na ƙasa.

Sunan yanka shi ne abin da aka fi ƙarancin ji. Wa ya isa? Matar aure ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin na ɗan fari, balle talaka ya kama sunan sarki gatsau. In yaro ya ci sunan kakansa sai a lulluɓe shi da wani, a ce Maisuna ko Magaji ko Baba. Wannan kunya ita ta haifi tarin sunayen da makaɗan fada ke wasa da su, ƙasar Zamfara da maƙwabtanta kuwa Allah ya yi musu arzikin makaɗa: Ibrahim Narambaɗa, Salihu Jankiɗi, Musa Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru. Saurari waƙarsu guda ka ga ta ƙofa nawa suke shigo wa mutum ɗaya. Su kira shi ta wajen ubansa, ta wajen kakansa, ta wajen ɗiyarsa, ta wajen baransa, sannan su mai da shi zaki ko toron giwa ko gulbin da ke cin mai ganganci. Ɗan sarkin da ya nemi gadon bai samu ba kuwa, hukuncinsa a hana shi suna. Sai dai a ce wani mai kaza, a siffanta tafiyarsa ko rowarsa ko gemunsa, kowa ya gane, ba kuma inda zai kai ƙara. Muna jin su ne a akwatin rediyon wani mai tebur, wanda ake lulluɓewa da ƙyalle saboda ƙura, jama'a sun kewaye shi, in batir ya yi sanyi a fid da shi a shanya a rana.

Sai boko ya zo da nasa sarakunan, cikin littattafan Zariya masu ƙamshin sabuwar takarda, waɗanda muke yi wa riga da takardar buhun siminti. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, shi ya fara kawo mana sarkin ƙage mai suna da uba: Abdurrahman ɗan Alhaji, da ɗansa Musa, da jikansa Mahmudu, da mugun Waziri, da akun da ya fi su duka wayo har ya ƙare da wazirci. Da na iya haɗa baƙi sai aka mai da ni mai karatun dare a ƙofar gida. Ban yi nisa ba dattijon nan mai gyangyaɗi ya ɗago. "Ɗan Alhaji wane?" Na ce littafi bai faɗi ba. "Shi Alhajin ɗan wa na?" Na ce shi ma ban gani ba. Ya gyara kishingiɗa ya ce, "To wanga dai sarkin tatsuniya na. Karanta muna mu ji." Ya kuwa ji, don shi ya fi kowa dariya in aku ya ɓata wa Waziri shiri, washegari kuma shi ke fara tambaya ina yaron nan mai littafi.

Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934, ya fi shiga ransu, don a ciki akwai Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, wanda iyayen wasunsu sun yi zamani da shi, sun san abin da ambaton sunansa ke sa wa a ƙauyukan kudu kafin Turawa su ci garinsa a 1901. Ga mutumin gaske a wannan shafi, ka juya kuma ga jarumi a ƙasar aljannu yana ta sara. Ba wanda ya ga abin mamaki a wannan haɗi, ai haka namu jerin yake, samudawa a sama, mutanen da muka sani a ƙasa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa namu ne na yara. Asalin labarin na ƙasar Rasha ne, birnin Kib na Sarki Waldima kuma shi ne Kiyef da ake ta ambata a labaran duniya yanzu, amma Ingawa ya naɗa musu rawani ya ɗora su kan dawakinmu, har ba mai cewa baƙi ne. A makarantar allo ma, in malam ya ji daɗi bayan an tashi karatu, yakan ba manyan ɗalibai labarin Antaru ɗan Shaddadu, ɗan baiwar da takobinsa ya sa ubansa ya amsa shi ɗa, ko na Haruna Rashidu da wazirinsa Ja'afaru suna yawon dare a Bagadaza cikin ɓad-da-kama. Abin da muka fi jira a irin waɗannan labarai shi ne ranar bayyana. Baƙo ya shigo gari da tsumma, yara na jifansa, kare na haushinsa, sai a fada a hango zobe a yatsansa, ko a ji ya faɗi sunan ubansa, kowa ya zube. Ko sau nawa aka maimaita, in an zo nan sai tsigar jikinmu ta tashi.

Abin da yaro ya ji da dare shi yake yi da rana. Muka kafa tamu masarautar a gindin wata tsamiya. Rawani tsohon gyalen uwar wani ne, doki karan dawa, takobi ma kara, tambari kuwa tsohuwar ƙwarya da ta tsage, Gummi ko ba a rasa ƙwarya. Rabon sarauta shi ne yaƙin gaske. Wani ɗan gidan da ke kusa da fada ya kawo mana sunayen sarakunan karagar Zamfara na da, su Ɗanau da Basace da Sarkin Rafi da Sarkin Tudu da Magajin Gari da Ubandawaki da Galadima, muka yi wawaso. Kowa na son Ubandawaki, don shi ke gaba in za a kai wa yaran unguwar maƙera hari. Waziri, wanda muka ƙaro daga littafi, ba mai so, an riga an ɓata masa suna. Sai da aka haɗa da rake gaɓa biyu sannan wani ya karɓa. Ni Sarkin Rafi aka ba ni, ba don wata bajinta ba, sai don gonarmu na bakin gulbi, kuma raken daga can ya fito.

Mai babbar murya a cikinmu ya zama maroƙi, shi ya fi kowa cin riba. Da ɓarin hoce ko tsinken tsire zai ja maka asali har Dutsi. Ɗan mahauci ya zama jikan Yargoje, ɗan masunci ya gaji Kanta na Kabi, wanda ya hana shi kuwa ya wayi gari ba shi da kaka ko ɗaya. Wata rana uban sarkinmu, wani bawan Allah mai saƙar tabarma, ya tsaya bayan tsamiya ya ji ana jero masa kakanni masu cin garuruwa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ba, sannan ya ce, "Madalla. To in an ƙare, jikan Dakka shi taho shi kai awaki kiwo."

Da muka yi nisa a karatu muka tarar wasu sun riga sun zuba wannan jeri a takarda. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zauna ƙasar Anka a shekarun 1950 yana sauraron irin tsofaffin nan, ya buga tarihin Zamfara a Balin a 1959, da Jamusanci, harshen da ko mutum guda a ƙofar gidanmu ba ya ji. Daga baya Garba Nadama ya rubuta nasa don digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, kafin ya zama gwamnan Jihar Sakkwato. Sun yi aikin alheri, ba don su ba da abu da yawa ya bi tsofaffi kushewa. Sai dai sarki a takarda suna ne da shekara, ba guɗa, ba tsaki, ba gardama. Littattafan makaranta kuma suka zo mana da labarin Bayajida, suka jera Zamfara cikin Banza Bakwai. Ranar da na kai wannan labari gida kakata ta ajiye mazarinta ta ce, "Wa ab banza? Mu da munka yi sarauta tun ba a haifi kakan mai littahin ba?" Ba ta ga 1996 ba, shekarar da sunan Zamfara ya dawo kan taswira da jiharsa. Da ta gani, da ta ce ai da ma.

Kwanan baya jikana ya zaunar da ni kallon wani fim a waya, na littafin wani Bature ɗan Ingila, Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955. Jarumin ciki, Aragon ɗan Araton, yana yawon daji da tsohuwar alkyabba, mutanen ƙauye na kiransa da sunan raini, alhali shi ne magajin wata tsohuwar karaga da ta daɗe ba sarki a kanta. Yaron ya yi ta yi mini bayani: ga sunan ƙuruciya da aka ɓoye shi da shi, ga wanda ya yi yaƙi da shi a baƙuwar ƙasa, ga wanda ya hau gado da shi, ga karyayyen takobin kakanninsa da aka sake ƙerawa. Ya ce marubucin har jerin sarakuna ya tsara a ƙarshen littafin, uba bayan uba, da shekarunsu, wai ko na taɓa ganin irin wannan ƙoƙari? Na ce lalle ya yi ƙoƙari, kuma da gaske nake, mutumin ya san inda tsigar jiki ke tashi. Na dai ƙara da cewa da ya zo Anka ranar sallah da ya sami abokin hira. Da na tambayi yaron sarakunan Zamfara na farko, sai ya yi murmushi ya ce zai duba a intanet. Kakannin Aragon kuwa a kansa suke, har da sunan takobin. Ban ga laifinsa ba. Yayyensa ma da littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka tashi, cike da sarakuna da sadaukai da matsafa masu dogayen sunaye, suna karatu ƙarƙashin bargo da tocila. Son abin yana nan.

Abin da ya yi suma shi ne ƙofar gida da dare. Hanyar Anka zuwa Gummi da muke bi a saman buhuna muna waƙa, yanzu sai an dubi rana an yi addu'a. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Bukkuyum da Anka sun san kwanan zullumi, hira bayan lisha ta zama abin taƙaitawa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne in ji ƙananan yara na jero sunayen mutanen daji, wane yaron wane, wanda ya gaji dabar wane, da laƙabi da komai, daidai yadda muke jero na Dutsi. Allah ya kawo mana sauƙi, ya mai da tsofaffi bisa buzayensu.

Karagu dai na nan da kwarjininsu. A 2013 Mai shari'a Lawal Hassan Gummi ya ajiye kujerar babban alƙalin Abuja ya zo ya hau gadon Sarkin Mafara, tambura kuma ba su daina bugawa a Anka ba. Ƙananan sarautu ne suka yi yawa, kowane mako da katin naɗi, da kalanda mai hoto, da mai lasifika yana karanto asalin mai rawani daga takarda, wani lokaci ya tsaya a tsakiyar kaka ya gyara tabarau.

Masarautarmu ta gindin tsamiya ma ba ta rushe ba, ta dai ragu. Tsamiyar an sare, an yi shaguna a wurin. Sarkinmu ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya, Galadima ya zama direban tanka, maroƙinmu kuwa, ba mamaki, siyasa ya shiga. Har yau in ɗayanmu ya buga waya ba ya kama sunan yanka. "Sarkin Rafi, kana lahiya?" "Lahiya lau, ranka shi daɗe. Ya ƙahwa?" Matanmu sun gaji sun bi, jikoki ma wasu na zaton sarautar gaske ce, har wani ya taɓa rubuta ta a takardar makaranta. Bara Waziri ya rasu, Allah ya gafarta masa, mutumin da ya karɓi sarauta saboda rake ya kuma riƙe ta da amanar da babu irinta a wazirawan littafi. Bayan addu'ar bakwai muna zaune a zaurensa, sarki ya dube mu ya ce gurbi ba ya zama haka, sai a fid da wani. Ubandawaki ya ce shi gwiwa ba ta barinsa zaman fada. Galadima ya ce shi bai gaji wazirci ba. Har yanzu dai ba a yi naɗin ba, don wanda aka fi matsa wa ya ce sai Sarkin Rafi ya kawo raken tukuna, a kuma feraye shi a yayyanka ƙanana, don haƙoran da suka rage masa ba na gaɓa ba ne.